Gangar da Take Jan Ƙafa

Mestre Aniceto Rebelo ya yi shekara arba'in da ɗaya yana jagorancin 'yan badujalar ƙauyenmu a kudancin Goa, kuma ban taɓa jin ya ce da wani "ka yi daidai" ba. In ka busa da kyau, shiru zai yi, shi ne ladanka. Ni Liberata, da nake busa masa sarewa tun ina malamar firamare har na yi ritaya, sau uku na sami wannan shirun, kuma ina iya faɗa muku ranakun.

Tela ne. A makarantar coci ya koyi karanta kiɗa yana ɗan shekara tara. Ya yi shekara shida a jirgin ruwa yana busa wa masu cin abinci ƙaho, ya dawo ya ce ya gaji da busa wa mutanen da bakinsu ke cike. Ya buɗe shago, ya auri Perpetua, da tsohon mestre, wato shugaban badujalar, ya rasu aka miƙa masa sandar jagoranci. Shi ya ɗinka mana fararen kayanmu, shi ya kwafe wa kowa takardar kiɗansa da hannu.

Mu ashirin da uku ne, da masunta, da direban bas, da mai kemis. Laraba da Lahadi ƙarfe huɗu muke bita a zauren coci. Da Mestre ya shigo zai kashe fanka don kada iska ta kwashe takardu, mu yi ta busa gumi na shiga mana ido. Wanda ya makara, shi kaɗai zai busa layinsa kowa na saurare. Har ga Allah mutumin yana da wuyar sha'ani, na sha komawa gida ina rantsuwa na daina zuwa. Ranar Laraba kuma ni ce ta farko a ƙofa.

Akwai abu ɗaya da ba a faɗa a gabansa. Shekara talatin da suka wuce ya faɗi a kan babur, ƙafarsa ta hagu ta warke amma ta ɗan gajarce. Duk ƙauye sun san yana ɗingishi. Shi kaɗai ne bai yarda ba.

Mai babbar gangarmu Bostiao ne, mai gasa burodi, abokinsa tun benci ɗaya a makarantar coci. A zaure, muna zaune, bugun Bostiao ba ya kuskure ko da gashi. Amma da mun fita titi ranar bikin Waliyyi Sebastiao, Mestre a gaba da sanda, mu a bayansa, masu ɗauke da mutum-mutumin waliyyin da sauran jama'a a bayanmu kowa na taku da ganga, sai bugun ya riƙa ɗan makara. Ɗaya daidai, ɗaya a makare, haka har mu zagayo coci. Kowace shekara bayan biki sai an yi faɗa.

"Bostiao! Ganga na ba ka ko kwaɓin burodi? Kake jiran ta kumbura kafin ka buga?"

"Nauyi gare ta, Mestre."

"Cikinka ne ke da nauyi! A zaure ai ba ta yi maka nauyi."

Bostiao ya yi dariya ya goge wuya da tawul. Shekara talatin amsarsa ke nan.

A bara aka ce masu ɗaukar hoto za su zo daga Panjim su ɗauki zagayen, ga kuma 'yan ƙauyenmu na London da Dubai duk za su dawo. Mestre ya ce ba zai ji kunya a duniya ba. Saura mako uku, bayan bitar Laraba, ya tsaya a gaban kowa ya ce:

"Bostiao, bana ka huta. Na sami mai ganga daga Margao."

Bostiao ya cire ɗamarar gangar, ya jingine ta a bango a hankali, ya ce, "To, Mestre." Ya hau kekensa na tallan burodi ya tafi. Raina ya ɓaci matuƙa. Na tarar da Mestre yana tattara takardu na ce, "Shekara sittin kuna tare, a gaban mutane za ka sallame shi?" Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malama, ki kula da sarewarki, a layi na tara sautinki na hawa."

Sabon mai gangar, Savio, mutumin kirki ne, kuma gwani ne, ba zan rage masa ba. Ranar Lahadi Mestre ya ce a fita titi a gwada tafiya. Muka jeru, ya ɗaga sanda, Savio ya fara. Bugu ne tsaf kamar agogon coci. Mun yi taku goma sai na ga abin da ban taɓa gani ba: mu duka muna taku ɗaya, mutum ɗaya ne a waje, shi ne Mestre da ke gabanmu. Hannunsa na tafiya daidai, ƙafar hagu tana zuwa a makare. Ya yi ɗan tsalle ya gyara, ta sake makara. Ya ƙara sauri, ya yi tuntuɓe. Matan da ke sayar da kifi a bakin kasuwa suka fara rufe baki da gefen zane. Wata ba ta iya riƙe dariyar ba.

Nan na gane, kuma na ga fuskar 'yan'uwana sun gane. Bostiao ba sanda yake kallo ba duk shekarun nan. Ƙafa yake kallo. Yana jiran ta sauka sannan ya buga, mu kuma mu bi ganga, jama'a su bi mu. Ƙauye guda yana ɗingishi, don kada a ga mutum ɗaya yana yi.

Mestre ya sauke sanda a gaban shagon kemis. Ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya ce, "An tashi." Ya karɓi gangar daga hannun Savio, ya ba shi haƙuri, ya ce da ni, "Malama, riƙe min gefe ɗaya."

Muka sami Bostiao yana fitar da burodin yamma daga tanda. Ya ga ganga, ya ga fuskar abokinsa, ya ci gaba da aikinsa.

"Tun yaushe?" in ji Mestre.

"Tun bikin da ya biyo bayan babur."

"Ka bar ni ina zaginka shekara talatin? Me ya hana ka faɗa?"

"Kai, Aniceto! Wa ka taɓa bari ya yi magana a bita?" Ya miƙa masa burodi mai zafi. "Zagin ma na saba. Randa ba ka yi ba sai in ɗauka ba ka da lafiya."

Mestre ya riƙe burodin bai ci ba. Ya ce, "Gangarka ce. Bana ka buga yadda aka rubuta. Ni zan jira ku a ƙofar coci, Malama za ta shige gaba."

Haka aka yi. A sauran bitar ya koya min riƙon sanda, ya ce ina kaɗa ta kamar mai korar kaji. Ranar biki na shige gaba, ƙafafuna lafiyarsu lau, masu hoto na gefe. Muka bar kasuwa, muka sha kwanar rijiya. Sai na ji a bayana: ɗaya daidai, ɗaya a makare. Na waiwaya na zare wa Bostiao ido. Ya ɗaga kafaɗa, idonsa jawur. Ba da gangan yake yi ba, hannun ne ya riga ya koya. Na duba sauran, na duba masu ɗauke da waliyyi, na duba 'yan London da takalmansu masu tsada. Kowa na jan ƙafar hagu, ba wanda ya lura. Tausayi ya kama ni, na bar sandar ta bi ganga.

Mestre yana tsaye a kan matakalar coci cikin fararen kayansa, Perpetua na riƙe da hannunsa. Tun daga kwana ya jiyo mu. Da muka iso muka tsaya, na jira faɗa, Bostiao ma ya sunkuyar da kai yana jira.

Mestre ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya dubi Bostiao. Bai ce komai ba.