Aiken Auta

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" nake, ko "wanga" in yana maganata da wani. Haka al'ada take, kuma ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai da waya ta shigo tsakani.

Autanmu yana aiki a Abuja. Wata sallah da ya zo gida ya sayi sabuwar waya, ya bar wa Baba tsohuwar, mai shafawa. Sai dai bai cire adireshinsa na imel daga cikinta ba, wayoyin biyu suka zama a haɗe. Duk hoton da ya ɗauka a can sai ya faɗo nan unguwarmu ta Ƙofar Kware a Sakkwato, cikin aljihun Baba, shi autan bai ma sani ba. Ni na gano haka da wuri, don ni nake sa mata data, ni nake kai ta caji in babu wuta.

Baba kuwa "aike" yake kiran hotunan. A wurinsa abu ba ya zuwa sai an aiko shi, kuma wanda aka yi wa aike ba ya yin shiru. Hoto na shigowa zai ɗaga wayar dab da fuska, ya ƙura mata ido, ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Yaran auta cikin kayan makaranta, albarka. Farantin shinkafa a wani gidan abinci, albarka. Har mitar wutar gidansa ta sha albarka.

"Ka gani?" ya ce mini wata rana, yana nuna mini hoton taya. "Ko tayar motatai ta hwashe sai ya gwada mani."

Na san makanike aka ɗaukar wa hoton, amma na ce, "Haka ne, Baba."

Ni ke nan da nake tasowa daga Gidan Dahala kullum safiya, in kawo masa koko da ƙosai kafin in wuce shagona na atamfa a kasuwa. Ni nake zama da shi a layin asibiti ranar awon hawan jini. Abin da nake samu shi ne, "Ka iso?" Kishi nake yi, ba na ɓoyewa, kuma kishin mutumin da bai ɗaga ko yatsa ba.

Bayan la'asar akan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, tsofaffin unguwa su taru. Wata rana hira ta gangaro kan waya. Wani abokin Baba mai sayar da hatsi ya ce shi ya gaji da su.

"Wayoyin ga ba su da amana. Na sake waya, lambobin mutanena na ƙauye duk sunka ɓace. Wai suna sama, cikin gajimare. To wa za shi hau shi ɗauko mani?"

Maƙwabcinmu, wani malamin makaranta mai ritaya, mutumin Filato da ya tsufa a Sakkwato, ya yi dariya. Ya ce tasa matsalar akasin haka ce: 'yarsa ta haɗa wayarsa da ta matarsa, yanzu lambobin matan coci sun cika masa waya, in ya nemi mai gyaran famfo sai ya faɗa kan shugabar mawaƙa. Duk da haka ya ce abin yana da amfani in mutum ya fahimce shi. Mai hatsi ya ce abin da sai ka yi masa karatu kafin ya amfane ka ba sauƙi ba ne. Suka yi ta ja.

Baba ya bari suka gaji, sannan ya zaro tasa.

"Ku dai ba ku da mai aiko muku. Tawa ba ta da wuya ko kaɗan. Ba ni taɓa komi, aike shi ka zuwa da kainai."

Malamin ya dube ni ta saman tabarau. Ya gane, kuma ya san na gane. Maganar ta taso mini har maƙoshi: Baba, ba shi yake aikowa ba, na'ura ce. Da na faɗa, da na huce na ɗan lokaci. Amma na kalli yadda yake miƙa wayar hannu zuwa hannu, yana gargaɗin kada a taɓa fuskarta da maiƙo, sai na tashi na shiga gida ɗebo ruwan da babu wanda ya nema.

Ana nan sai hotuna suka tsaya. Da farko Baba ya ce data ce, na sa. Ya ce caji ne, na cika ta. Daga nan ya daina fito da ita majalisa. Wata safiya yana juya koko bai sha ba, ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko na ji ya yi wa auta wani laifi.

Na kira auta daga shago. Ashe an sace masa waya, ya buɗe sabon adireshi. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Yaya, kana nuhin duk Baba na ganinsu? Gara da sunka tsaya." Ya yi alkawarin zai riƙa turowa da hannunsa. Ya turo 'yan kaɗan, sai aiki ya sha kansa.

A nan wata dabara ta zo mini, kuma na ji daɗinta fiye da yadda ya kamata babban mutum ya ji. Na karɓi wayar Baba da sunan gyara, na haɗa ta da tawa, na mayar masa. Sannan na shiga ɗaukar hoto kamar sabon ango. Na sa yarana suka saka kayan sallah ba ranar sallah ba, na jera su a tsakar gida. Na ɗauki shago bayan na gyara jerin atamfa. Na ɗauki kaina a bakin shagon, da hular da ban cika sawa ba.

Washegari na iso da koko, na zauna nesa kaɗan, ina jira. Ya zaro wayar, fuskarsa ta washe da ya ga abu ya shigo. Ya kai ta dab da ido. Ya shafa, ya sake shafawa, a hankali, har ya kai ƙarshe, ya dawo baya yana neman wani abu. Sai ya miƙo mini ita.

"Kai, naka ne sunka shigo nan bisa kuskure. Hidda su. Kai ai ina ganinka kullum. Kada su cika wurin, in na auta sun zo su rasa inda za su zamna."

Na karɓa. Ya ja kwanon kokonsa ya fara sha, ni kuma na zauna a gefensa ina goge yarana ɗaya bayan ɗaya.