Mangwaron Kaka a Bokitin Tarwaɗa

Akwai wata wauta da na tafka ina ɗan shekara goma sha uku, wadda ko na tsufa haƙorana sun zube ba zan manta da ita ba. Kwalba na fasa. Iyakar laifin ke nan a farkonsa. Da a ce a ranar na buɗe baki na faɗa, da an ja mini kunne an wuce wurin. Amma a lokacin ina ganin duk ƙasar Yauri babu mai wayona, sai na ce bari in gyara da kaina.

A tsakar gidanmu a Yelwa akwai wata tsohuwar bishiyar mangwaro. Kakanmu namiji ne ya dasa ta a shekarar da aka haifi Baffa, ƙanin Baba kuma autan Kaka. Ni ban taso na tarar da kakan namu ba, bishiyarsa na tarar. Mangwaronta ba shi da girma, amma zaƙinsa kan sa mutum ya manta an aike shi. A shekarar da nake ba ku labari, gara ta riga ta cinye cikin bishiyar, har wani reshe ya faɗo ya lotsa kwanon madafa. Baba ya duba ya ce dole a sare ta kafin iskar farkon damina.

Kaka ta ce ba ta yarda ba. Baffa yana aiki a Fatakwal, shekara uku bai zo gida ba, kuma ya aiko cewa sai tsakiyar damina zai samu hutu.

"Ku bar iccen nan har autana shi zo," in ji ta. "Ko guda shi sa a baki, na ubansa ne."

Baba ya ce, "Hajiya, in hadari ya taso, kan ɗakinki za ta faɗo. Kuma ko an bar ta, wane mangwaro ne zai jira wata huɗu?"

Kaka ta juya ta shige ɗaki, ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Yayata ce ta kawo mafita. Tana karatu a Birnin Kebbi, ta zo hutu da sababbin dabaru cike da kai. Ta ce a busar da mangwaron, zai kai har zuwan Baffa. Kaka ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke, mu kuɓewa muka san ana busarwa, da kauɗar tumatir, da kifi. Mangwaro kuma? Miya za a kaɗa da shi?"

"Kaka, ki bari ki gani. In bai yi ba ki ce na yi ƙarya."

Ni aka sa hawa bishiya, domin a gidan babu wanda ya kai ni kama da biri. Ina tsinkowa ina sakawa a jaka ina zuro wa Yaya da igiya, don ta hana a jefo ko ɗaya. A ƙasa kuwa ta zauna kamar alƙali. Wanda ya faɗo da kansa, ta ce a'a. Wanda tsuntsu ya caka, a'a. Wanda ya yi laushi har yatsa na nutsewa, a'a. Ɗanye shar, shi ma a'a. Sai wanda ya nuna amma jikinsa da sauran ƙarfi, babu tabo babu rauni. Duk wanda ta kora kuwa cikina ne masaukinsa. Na sha mangwaro a ranar har na fara ganin mutanen gida rawaya-rawaya, kuma abin da ya faru tsakanina da bayan gida washegari ba na cikin wannan labarin.

Muka wanke hannu, muka wanke wuƙaƙe, muka feraye, muka yanka siri-siri. Yaya ta tsoma su a ruwan lemun tsami don kada su yi baƙi, ta jera a kan faranti, ta lulluɓe da wankakken gidan sauro saboda ƙuda. Ranar Yauri a wannan lokacin ba ta wasa, kwana huɗu kawai suka yi. Ta ɗauki ɗaya ta lanƙwasa, ya lanƙwashe kamar fata bai karye ba, ta matsa babu ruwa. Ta miƙa wa Kaka. Kaka ta tsotsa a hankali da sauran haƙoranta, ta lumshe ido.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne."

A ranar hutun Yaya ya ƙare. Kafin ta tafi tasha ta damƙa mini wata babbar kwalba mai faɗin baki da murfi mai ɗaurewa, wadda ta wanke ta shanya tun jiya. Ta ce in bari mangwaron ya huce a inuwa, in zuba, in ɗaure murfin tam, in ajiye a ɗakin Kaka nesa da laima. Ta ce kada a riƙa buɗewa, iskar damina na shiga zai yi fumfuna.

"Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Haba Yaya, zuba abu a kwalba ma sai an je makaranta?"

Ko kwanar layinmu ba ta sha ba na ɗora kwalbar a ka, ina gwada tafiyar masu tallan nono ba tare da riƙewa ba. Taku uku na yi. A na huɗu kwalbar ta sauka kafin ni.

Na kwashe fasassun na binne a bayan gida. Ina zagayawa neman abin da zai maye gurbi, sai idona ya faɗa kan wani shuɗin bokitin roba mai murfi a kusurwar madafa. A ciki Inna ke ajiye bandar tarwaɗa ta miya, kuma a ranar babu komai a cikinsa. Na ɗauraye shi sau ɗaya, na goge da gefen rigata, na cusa hanci ciki na shaƙa. Ban ji komai ba.

Nan ne fa wautar take. Mu da muka tashi a bakin kogi, hancinmu ya daɗe da sallamawa. Ƙaurin banda yana cikin iskarmu, yana cikin tufafinmu, yana cikin littattafanmu na makaranta. Ɗan Yelwa ya shinshina abu ya ce ba ya warin kifi, wannan ba shaida ba ce. Ni ban san haka ba sai daga baya.

Kafin in zuba, sai wani tunani ya zo mini: wanda ya hau bishiya ai yana da rabo. Na nemo gwangwanin madara mai murfi. Shi kam na wanke shi da sabulu sau uku, na kifa a rana har ya yi zafi, na shinshina, na sake wankewa. Na ɗebi cikin hannu biyu na zuba, na danne murfin, na ɓoye a cikin akwatin littattafaina. Sauran na juye a bokiti, na rufe, na naɗe shi ruf da tsohon zanen Kaka, na ɗaure, na ɗora a kan kabad ɗinta. Da Inna ta nemi bokitinta, har taya ta nema na yi.

Bayan sati aka sare bishiyar. Tsakar gida ta yi wani irin haske mara daɗi, kamar kan da aka yi wa aski ba a so. Kaka takan zauna a kan kututturen da hantsi tana jan carbi. Mu da ita akwai wasan jika da kaka, angonta take kira na. Kusan kullum sai ta tambaye ni.

"Angona, ajiyata na nan?"

"Tana nan, amarya. Ko ɓera ya zo sai ya nemi izinina."

Sai ta yi dariya, ta ɗaga kai ta dubi ƙunshin da ke kan kabad. Wani lokaci nakan gan ta ta miƙa hannu ta shafa zanen kawai, ba ta kwance ba, saboda an ce kada a buɗe. Yanzu idan na tuna wannan shafawar, labarin yakan daina ba ni dariya. Ni kuwa a lokacin babu abin da ya dame ni. Duk bayan kwana biyu ina buɗe gwangwanina in zari ɗaya, in ce wannan ne na ƙarshe.

Baffa ya iso ana tsakiyar damina, Yaya ma ta dawo hutu. Washegari da hantsi, bayan an karya, Kaka ta sa aka shimfiɗa tabarma kusa da kututturen, ta tara kowa. Ta sa sabon mayafi kamar mai zuwa suna.

"Angona, ɗauko ajiyar."

Na ɗauko ina taƙama. Ta kwance zanen da hannunta. Shuɗin bokiti ya bayyana.

Inna ta ce, "Af! Bokitina!"

Yaya ta ce, "Ina kwalbata?"

Kafin in ƙago ƙarya, Kaka ta ɗaga murfin. Mu 'yan gida ba mu ji wani abu sosai ba. Amma Baffa, wanda hancinsa ya yi shekara uku yana hutawa, sai da ya ja kai baya kamar an watsa masa ruwa. Mangwaron kuwa a ido lafiyarsa ƙalau, rawaya, babu fumfuna. Wata huɗu ya yi a rufe yana shan man tarwaɗar da ya kama jikin robar.

"Ci, auta," in ji Kaka. "Na iccen ubanka ne. Na ƙarshe."

Baffa ya ɗauki ɗaya ya sa a baki. Na ga wuyansa yana kokawa da abin. Ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa, ya yi murmushi.

"Da daɗi, Hajiya. Allah ya saka da alheri."

Amma ita ta haife shi. Ta kalli fuskarsa, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya ta tsotsa. Ta fitar da shi ta riƙe a tafin hannu.

"Wanga ba mangwaro ba ne," ta ce a hankali. "Wanga kifi ne."

Na jira faɗa. Na jira Baba ya ce a miƙo masa bulala, har na fara zaɓar gefen da zan juya masa. Ba wanda ya kula ni. Kaka ta mayar da murfin, ta ɗauki tsohon zanen tana ninkewa, tana sake ninkewa, idonta a kan kututture. Ban taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba. Da duka ta sa aka yi mini, da ya fi mini sauƙi.

A nan na tuna gwangwanina. Na kuma san abin da fito da shi ke nufi. Zuwa yanzu laifina ɗaya ne, sakarci. Ina fito da shi na zama ɓarawo a gaban kowa, har da Baffa da ya kawo mini sabon takalmi. Na tsaya ina auna abin, ƙafa ɗaya na cewa tafi, ɗaya na cewa zauna. Sai Kaka ta goge ido da bakin mayafinta. Ban san lokacin da na ruga ba.

Na dawo na durƙusa na ajiye gwangwanin a gabanta. Na faɗi komai, tun daga tafiyar masu nono har inda na binne kwalbar. Yaya ta riƙe haɓa.

"Au, har sata ka haɗa da ita?"

Baffa ya buɗe murfin. Guda bakwai suka rage. Ƙamshin da ya fito kuwa ko hancinmu na 'yan bakin ruwa ya ji shi. Ya kurkure baki, ya ɗauki ɗaya, ya tauna a hankali. Wannan karon bai ce da daɗi ba. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Hajiya, kin tuna ranar da marigayi ya kama ni a reshen can na sama, ya ce ba zan sauko ba sai na shanye duk ɗanyun da na tsinka?"

Kaka ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. Suka shiga labarin mutumin da ban taɓa gani ba, Baba ma ya sa baki, har rana ta take ba wanda ya tashi. Can ta waiwayo ta dungure mini kai.

"Ashe angon nawa ya iya ajiya, in dai cikinsa za a ajiye wa."

Kowa ya yi dariya, amma ni maganar ta zauna mini. Gaskiya ta faɗa. Rana ɗaya, hannu ɗaya, mangwaro ɗaya. Nawa na wanke masa mazubi sau uku, na Kaka na ɗauraye sau ɗaya na ce ya isa. Ba rashin sani ne ya ɓata ajiyar ba, na san yadda ake yi sarai, tun da na yi wa kaina. Tun daga ranar, in aka ba ni abin wani in riƙe, nakan tambayi kaina yadda zan yi da a ce nawa ne. Kuma in zan ajiye busasshen abu a gidanmu, ba na sake yarda da hancina, sabon mazubi nake nema ko kwalba.

Guda bakwai ɗin nan, Baffa ya ci uku, Baba ɗaya, Kaka ta jiƙa ɗaya a ruwa ta sha, biyu Baffa ya koma da su Fatakwal a cikin gwangwanin. Ni ko ɗaya ba a ba ni ba. Na bokitin kuwa an zuba wa akuyar Inna, ta shinshina ta juya baya.