Tabon Wuyana da Askar Kasuwa

Edita, a shekarun tamanin ni ne mai ɗaukar kifi a babur daga bakin dam ɗin Tiga zuwa Tudun Wada, kuma gudun da nake yi, inuwata ma sai bayan azahar take isko ni. Nakan isa bakin ruwa da sassafe, tururi kwance a kansa, kwale-kwale suna fitowa ɗaya-ɗaya kamar ba mutane ke tuƙa su ba. Har yau in na lumshe ido ina jin sanyin nan da ƙarnin tarwaɗa. A irin wannan safiya ce ƙugiyar wani masunci ta kama ni a gefen wuya ta dama, ta yage fata. Ciwo ya warke, tabon kuwa ya ƙi kwanciya. Ya taso kamar gyaɗa, ya yi tauri da sheƙi, ga ƙaiƙayin da ke sa ni sosa ko a sahun sallah.

Na je wurin tsohon wanzamin garinmu, wanda shi ya yi mini kaciya, na ce ya sheme shi. Ya taɓa, ya girgiza kai, ya ce irin wannan nama ba ya son aska, in an yanka fushi yake yi. Ni kuma da bakina na ce masa tsufa ne ya sa hannunsa rawa. Allah ya yafe mini. Ranar kasuwa na sami wani baƙon wanzami, ya yanke. Wata biyu ina yawo da wuya sumul, sai abin ya dawo kamar dabino. Na koma, na sake komawa. A karo na uku ya zama kamar ɗan dankali, har na fara tunanin raɗa masa suna. Ina ba mutane dariya da shi, amma na ɓoye musu cewa wuyana ya daina juyawa dama.

Kusa da garin Yako asirina ya tonu. Garken shanu ya fito ta damata, ban gani ba. Na farka kwance a gonar dawa, sama tana juyawa a hankali, kifi warwatse, fararen shanu sun kewaye ni suna kallo, har na ɗauka an fara yi mini hisabi. Makiyayin ya duƙa yana tambaya ko da sauran rai. Ranar yayana ya karɓe makullin babur, ya rantse ba zan sake hawa ba sai na iya waiwaye. Shekaru na yi ina zaune, wasu suna wucewa da kwandunan kifi.

A ƙarshen shekarun casa'in aka kai ni wurin wata likitar fata a Kano. Ta ba ni man shafawa da aka haɗa da ferafamil, ta ce asalinsa maganin hawan jini ne. Na ce jinina lafiya lau, wuyana ne ya hau. Ta yi dariya, ta tambayi garinmu, sannan ta ce in tuna ƙofar dam da ake buɗe wa ruwan noman rani. Ƙwayoyin da ke gina tabo suna da irin waɗannan ƙofofi, sinadarin kalsiyam ke shiga ta nan yana zuga su su yi ta tara nama. Man yana rage buɗewar ƙofofin, ginin ya lafa, tsohon naman ya fara laushi. Ta ce kada in sa ran zai ɓace, don na tsufar da shi da aska.

Na yi ta shafawa wata da watanni. Ƙaiƙayi ya fara tafiya, sannan taurin. Wata rana yayana ya tsaya bayan kafaɗata ta dama ya ɗaga yatsu, na juya a hankali na ce uku. Ya ajiye makullin babur a tafin hannuna.

Tabon yana nan, ya dai kwanta. Abin da na koya shi ne barkwanci ba ya hana ciwo girma, ɓoye shi kawai yake yi. Duk wanda tabonsa ya taso, don Allah kada ya kai shi ga aska, kada kuma ya niƙa ƙwayar hawan jinin wani ya shafa. Ya nemi likita tun abin yana ƙarami.