Ƙunshin Inno a Ɗakin Amarya

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na bi kwanonin abinci daga Wurno zuwa Rabah ba, mayafina a karkace, takalmina ɗaya nawa ɗaya na wata. Ku da kuka shigo aiki bana kun sha jin ana ce mini Kulu mai gadin ƙunshi, kuna dariya ba ku san mafari ba. To yau ku zauna ku ji.

A lokacin ni ce mai kula da oda da tallace-tallace a masana'antar nan, wato duk abin da zai fita ƙofa sai ya bi ta hannuna. Sama da ni sai Hajiya Luba, mai wurin, wadda ita ke zana duk abin da muke ƙerawa. Ƙasa kuma akwai badukai masu ɗinkin fata a nan Wurno, da matan Goronyo masu saƙar kaba, waɗanda ake kai wa aiki gida-gida a karɓo ranar kasuwa.

Kafin shekarar da abin ya faru mun taɓa shan wuya. Hajiya ta zana wata jakar hannu ta mata, ta yi farin jini, har daga Abuja ana bugo waya. Ba a yi nisa ba sai ga irinta sak a kasuwar Sakkwato, an yi ta da fatar roba, ana sayarwa da arha kamar gyaɗa. Muka je wajen lauya, ya ce babu abin da za a iya, don ba mu yi mata rajista ba. Oda ta tsaya cak. Ni aka aika Goronyo in gaya wa masu saƙa su dakata sai an neme su, kuma ban taɓa yin aiken da ya yi mini ɗaci kamar wannan ba. Mata ne da saƙar nan ke sa yaransu makaranta idan noman rani bai yi kyau ba.

Saboda haka da Hajiya ta fito da sabon abu, muka yi rantsuwa ba za a sake ba. Kular abinci ce ta yi wa siffar rumbu: ciki mai faɗi, wuya siriri, murfi mai tsini kamar jinka, an saƙa shi da kaba, an yi wa jikin ɗamara da jar fatar akuya da ratsin kore. Manya da ƙanana, saiti guda. Ranar da aka haɗa na farko aka ajiye a kan tebur, wallahi duk wanda ke ɗakin sai da ya matso ya ƙura masa ido. Ni kam tsalle na yi, da girmana.

Bari in bayyana muku yadda rajistar take, don wasunku na ɗauka tambari ne kawai ake bugawa. Akwai ofishin gwamnati a Abuja da ke rajistar ƙira da zane, wato siffar abu da launinsa da adonsa, yadda ido ke ganinsa. Ana ɗaukar hoton kayan ta kowane gefe, a rubuta wanda ya ƙirƙira, lauya ya shigar. Idan aka karɓa, babu mai ikon kwaikwaya ya sayar sai da izininka, na shekara biyar, kuma ana sabuntawa. Amma akwai sharaɗi ɗaya mai tsauri: dole abin ya zama sabo. Idan jama'a suka riga suka gan shi kafin ranar da aka shigar da takarda, ko da kai mai shi ne ka nuna, duk wanda ya kwaikwaya zai iya tsayawa gaban alƙali ya ce ai abin ya riga ya fita duniya. Lauya Bello, lauyanmu na Sakkwato, ya ja mana kunne sosai. Ya ce kada a sayar, kada a kai kasuwa, kada a sa a waya. Muka ce mun ji. Aka yi saiti biyu, aka kulle a ɗakin ajiya, aka shirya zai shigar ranar Litinin.

Abin da bai faɗa ba, don bai zo masa a rai ba, shi ne kada a kai wa tsohuwa.

Al'adar Hajiya ce, kuma al'adar kowa ce a nan, in ka yi sabon abu ka kai wa mahaifi ya sa albarka. Ta ɗauki saiti ɗaya a cikin kwali ta kai wa mahaifiyarta Inno a Rabah. Inno ta duba, ta yi addu'a, ta tofa, sannan ta tura kwalin ƙarƙashin gado ta ce wannan na ɗakin Safiya ne. Safiya jikarta ce, ɗiyar ƙanen Hajiya, da ake bikinta a satin. Hajiya ta bar shi can ta dawo. A ranta ba ta ga laifi ba, tunda gida ne, ba kasuwa ba. Ni ma da ta gaya mini, cewa na yi Safiya ta dace.

Ranar Asabar da hantsi Lauya Bello ya kira ni yana tambayar wani hoto da bai fita sosai ba. Na ce bari in sake ɗauka da saitin da ke hannunmu, tunda ɗayan yana Rabah za a yi jere da shi yau.

Sai ya ce, "Kulu, mi kinka ce? Sake hwaɗi."

Na sake faɗa.

"Jere? Innalillahi! Ke, ɗakin amarya ran jere ai ya hi kasuwar Goronyo. Kasuwa albasa aka zuwa saye, jere ko kallo kaɗai aka zuwa yi, kowace da waya ga hannu. In hoton abinga ya hita yau, Litinin ba ni da abin kai wa Abuja."

Nan take na miƙe. Matan Goronyo ne suka faɗo mini a rai, don tuni mun sa su sun sayi kaba sun rina, suna jiran a ce su fara. Na ruga ofishin Hajiya ko sallama ban yi ba. Da ta gane, ta dafe kai ta zauna.

Na ce, "Hajiya, ki kira Inno yanzu."

Ta ce, "Ni in ce ma Inno ta hidda kaya daga ɗakin jikarta ran jere? Da wane baki? Ke za ki tahi. Ke tana yi maki wasan jika, kina iya hwaɗa mata abin da ni ba ni iyawa."

Haka na faɗa motar kamfani. A hanya ne na lura da takalman da na sako. Direba sai tambaya yake ko wani ne ba lafiya, na ce masa ya dai taka. Muna wuce motocin albasa, ni kuwa ina ta leƙa wayata ina duba abin da matan dangin Hajiya ke sawa, ina buɗe kowane sabon hoto. Gado ya fito, labule ya fito, kujeru sun fito. Rumbu bai fito ba tukuna.

Na isa gidan ango ana tsakiyar aiki. Mata cike da tsakar gida, ana shiga da kaya ana guɗa. Na kutsa har ɗaki, sai ga Inno zaune bisa darduma, kwalin a gabanta, tana kwance igiyar da hannunta don ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Na zube gabanta na dafe kwalin da hannu biyu.

"Inno, ina wuni."

"Lahiya lau. Ke kuma mi ya koro ki kamar an biyo ki? Ɗauke hannunki."

Na roƙe ta mu keɓe. Ta sa aka ba mu wuri, tana mita. Na fara zuba mata bayani irin na Lauya Bello, rajista, Abuja, doka, alƙali. Tana kallona kamar ina karanta mata labarai da wani yare.

"Gwamnati ta jeme hwatar? Ko ita tas saƙa kabar? Ɗiyata ta yi abu, jikata na aure, sannan a ce sai wani na Abuja ya yarda kahin a gani? Kulu, ashe ba ki da hankali ban sani ba."

Na ga doka ba za ta kai ni ba. Sai na tuna mata jakar nan, da yadda na je Goronyo na sallami mata. Na ce Inno, in an ga wannan yau, haka za a sake yi, kuma wannan karon da hannunmu. Na ce ranar Litinin za a rubuta shi da sunan Hajiya, daga nan duk duniya ta gani.

Ta murza carbinta. Can ta ce, "Wato abinga ba a raɗa mai suna ba tukuna?"

Na ce, "Awo, Inno! Shi ke nan!"

"To mi kike ta kewaye-kewaye tun ɗazu? Wa ka hita da ɗa waje kahin suna?"

Na ji kamar in ɗauke ta in goya. Na miƙa hannu zan ɗauki kwalin in kai mota, sai ta buge hannuna. Ta ce abin da ya shigo ɗakin amarya ba ya fita, don gobe za a ce an ba Safiya kyauta an karɓe. Ta aika aka ɗauko mata wani tsohon zanen saƙi baƙi daga gida, ta naɗe saitin duka, ta ƙulle bakin tamau, ta sa aka ɗora ƙunshin bisa tebur a tsakiyar ɗaki, inda ba mai shigowa bai gan shi ba. Ta jawo darduma ta zauna gindinsa, ta ce in zauna ɗaya gefen.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Aka manta da gado da kujeru, kowa ƙunshi. Wata ta ce zinariya ce, wata ta ce injin ne daga Makka. Ƙawayen amarya suka zo da daɗin baki, Inno ta ce su je su yi kwalliya. Masu ɗaukar hoto suka yi ta ɗaukar baƙin zane, ni kuwa ina murna a raina, don wannan kam su ɗauka har wayar ta cika.

Matsala ta zo da yamma, da dangin ango suka shigo ganin ɗaki. Shugabarsu gwaggon ango ce, Hajiya Tumba, mace mai faɗa a ji. Ta tsaya ta kalli ƙunshin, fuskarta ta canza.

"Inno, mu ba mu saba ganin ƙulli cikin ɗakin ɗanmu ba mu san mi a ciki ba. In alheri na, a buɗe."

Kowa ya gane abin da take nufi, tana zargin asiri ne. In wannan magana ta fita, ba rajista kaɗai ba, auren ma ya samu tabo tun ranar farko. Na fita da gudu bayan ɗaki na kira Lauya Bello. Ya ce mutum ɗaya da aka nuna wa bisa alkawarin riƙe sirri ba jama'a ba ne, amma ban da hoto, kuma in rubuta sunanta da ranar in ajiye. Na dawo na raɗa wa Inno.

Inno ta sa kowa ya fita. Ta ce wa Hajiya Tumba, "Ba Kulu wayarki. Abin da za ki gani amana ta, har Litinin." Ta karɓi alkawari, ta kwance ƙulli.

Hajiya Tumba ta daɗe tana shafa murfin nan da yatsa. Da ta fito ƙofa, mata suka yi mata caa. Ta rufe baki da hannu ta ce, "Tabarakalla. Ku dai ku yi ta rai har Litinin." Ta koma ciki ta sa aka kawo mata tata dardumar. Daga nan masu gadi suka zama uku, kuma ita ta fi mu zafi. Har ango da ya leƙo ranar Lahadi sai da ta kore shi daga gefen teburin.

Ranar Litinin na wuni da waya a hannu, ko abinci ban iya ci ba. Bayan la'asar ta yi ƙara. Lauya Bello ya ce an karɓa, an ba da lamba, ranar ta shiga. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da ban iya ba. Kafin Inno ta gama kwance zanen, gidan ya cika har zaure. Da jar fatar nan ta bayyana, ihun da aka yi sai da maƙwabta suka fito. Safiya ta rungume kakarta tana kuka tana dariya. Ni kuma aka yi mini rumfa da masu son a rubuta sunansu a jerin oda, Hajiya Tumba a gaba, tana cewa ita ta fara gani don haka nata za a fara yi.

Washegari da sassafe na tafi Goronyo da kaina na ce wa mata su fara. Wannan aiken ban bar wa kowa ba. Daga baya wani ɗan kasuwa ya gwada fito da na roba, Lauya Bello ya aika masa takarda da lambar rajista, ya kwashe kayansa cikin mako. Matan nan har yau murfin rumbu suke saƙawa, wasunku ma ɗiyansu ne.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu ba ta hannun maƙiyi sabon zane ke fita ba. Ban taɓa ganin wanda ya fasa mana ƙofa ya sace ba. Ta hannun mai sonmu yake fita, don mutanenmu in abu ya burge su, nunawa suke yi, ita ce ƙaunarsu. Saboda haka in kun ga uwa ko ƙawa ko miji ya ɗaga waya kan abin da ba a shigar ba tukuna, kada ku daka masa tsawa, kuma kada ku karanta masa doka. Ku ja shi gefe, ku gaya masa abincin wa ke ciki, ku ce kuna neman wanda zai tsare muku. Zai zauna gindin abin ya hana ku kanku taɓawa.