Kantun Gero a Ofishin Malamai

Shekarun da burodi ya fi ƙarfina, ina koyarwa a wata firamare kusa da Tofa. Sai na soya gero da gyaɗa da riɗi, na haɗe su da narkakkiyar mazarƙwaila, na shimfiɗa a faranti, na yayyanka da rula tun da ɗuminsa.

Hedimasta ya gani, ya ce, "Malama, abincin kaji aka koma?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin kaza tana hamma?"

Kunya ta so in ɓoye shi a jaka, na ƙi. A kan tebur nake taunawa, kowa na ji. Shi da shayinsa zalla, kafin sha ɗaya ya fara gyangyaɗi. Ni kuwa har a tashi ina gaban allo.