Dorkas Mai Wankin Ƙuna

Duk wanda ya kwantar da yaro a likitar Madarumfa cikin shekarun casa'in ya san Dorkas ɗiyar Manasse, ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin yara. Gajera ce mai ƙwarin dantse, ba ta da yawan fara'a. A Maraɗi aka haife ta, gidan kafinta mai haɗa bencinan majami'a. Tana da shekara bakwai tukunyar kunu ta kife mata a cinya. Ƙarti uku suka danne ta, mai wankin ciwo ya fizge tsumman da ya manne da nama, har ta saki fitsari a zane. Shi ya sa da aka turo ta aiki Madarumfa, maganar farko da ta yi wa Majo Yahaya, shugaban ma'aikatan wurin, ita ce ba za a danne yaro a gabanta ba.

Majo ya yi dariya. "Madam, yaro mantuwa gare shi. A yi maza a gama, shi ne jinƙai."

"Ni dai ban manta ba," in ji ta.

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi magani ya yi wuya, abin kashe zafi bai wuce farasetamol ba. A kakar wannan shekara wa da ƙane suka kaure a kan gonar gado a wani ƙauye wajen Gabi. Ƙanen, Shu'aibu, ya sari wansa da gatari a kafaɗa. 'Ya'yan wan suka cinna wa rumbunsa wuta da rana tsaka, wutar ta bi darni ta kama bukkar da ɗiyarsa Indo, 'yar shekara shida, take barci. A amalanken shanu aka kawo ta, daga kafaɗa zuwa ƙugu fatar ta saɓule. Wan kuma aka kwantar da shi ɗakin maza, 'ya'yansa suka yi zaman dirshan a tsakar likita suna huci.

Dorkas ta zube ƙwallayen dabino biyar a gefen gado. "Indo, in zafin kaɗan ne ɗauki ɗaya. In ya kai maƙura kwashe duka."

Yarinyar ta kwashe duka ta watsa mata a fuska.

"To, na ji," in ji Dorkas.

Kullum sai ta ba ta magani da rabin awa kafin a taɓa ciwon. Ta dafa ruwa da gishiri, ta bar shi ya huce, ta yi ta jiƙa ƙyallen da ke kan ciwon har ya saki don kansa. Uwar yarinyar, Dije, ita ke zaunar da ita a cinya ƙirji da ƙirji. Dorkas ta yanko guntun robar ƙarin ruwa ta ba Indo tana hura kumfa cikin kofi, don numfashinta ya daidaita. Ba ta taɓa ce mata ba zafi. Sai dai ta ce, "Wannan zai yi zafi. In kin ce tsaya, zan tsaya." Aikin da Majo kan gama cikin minti goma, ita sai ta kwashe awa guda.

Rana ta huɗu ciwon ya fara wari, dole a yanke mataccen nama. Nan dabara ta ƙare. Almakashi na shiga Indo ta ƙwalla wata irin ƙara da ta tsayar da masu sayar da kifi a bakin hanya. Ƙofa ta bugu da bango. Shu'aibu ne, wanda ya kwana uku yana laɓe bayan katanga don tsoron 'ya'yan wansa, ido jajir, gora a hannu.

"Mi kike ma ɗiyata?"

Kafin Dorkas ta buɗe baki ya sauke mata gorar a muƙamuƙi. Ta faɗa kan tiren kayan aiki, kwanoni suka tarwatse, haƙora biyu suka zubo tare da jini. Ya sake ɗagawa, Majo da mai gadi suka kama shi ta baya suka jawo shi waje. Ai kuwa sun kai akuya gidan kura. 'Ya'yan wansa suka yi masa ca da sanduna da tubala, suna duka suna zagi, ɗaya na taka masa wuya. Duk wannan a gaban tagar ɗakin yara. Indo na kallo, tana ihu "Baba! Baba!", tana fizge-fizge har ƙunar ta tsage tana zubar jini.

Dorkas ta dafa gado ta miƙe. Ta rufe tagar, ta tofar da jini a bokiti, ta cusa auduga a baki ta cije. Ciwon a buɗe yake, ƙudaje na yawo, ba a barinsa haka. Ta wanke hannu, ta tafasa wani almakashin. Magana ta gagare ta, sai ta ɗora tafin yarinyar a kan nata ƙirjin, tana jan numfashi a hankali, tana saki a hankali, har Indo ta bi ta. A haka ta gama aikin.

Jandarmomi suka raba faɗan, suka tafi da Shu'aibu da karyayyen haƙarƙari. Da babbansu ya zo tambayar Dorkas ko za ta kai ƙara, ta yi magana da kumburarren baki.

"Ku kawo mini shi kowace safiya. Uwar ta gaji, kuma yarinyar ba ta cin abinci tun da ta ga an taka shi."

Haka aka yi. A kwance masa ankwa a bakin ƙofa, ya zauna, a ɗora masa ɗiyarsa. Ranar farko da ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙyallen, sai ya juya ya kwara amai.

"Malam Shu'aibu, fuskarka take kallo," in ji Dorkas. "In ka firgita, ta firgita. Yi mata hirar awakinta."

Ya yi ta ba ta labarin akuya mai satar dusa. Bai taɓa ɗaga ido ya dubi bakin Dorkas ba. Sati biyu ana haka, sannan aka wuce da shi Maraɗi, alƙali ya ɗaure shi shekara uku saboda saran gatari. Wan ya tashi, amma hannun ya shanye. Gonar kuwa damina biyu ba wanda ya sa mata garma.

Indo ta yi sati bakwai. Dorkas ta riƙa miƙar mata da hannu kullum don kada hammata ta haɗe, wannan ma da kuka da cizo. Ranar sallama Dije ta ce, "Je ki gaida Madam." Yarinyar ta ɓuya bayan zanen uwarta ta ƙi fitowa. Dorkas ba ta ji haushi ba, don kusan duk yaran da ta yi jinya haka suke rabuwa da ita. Ta nuna wa Dije yadda za ta riƙa shafa man kaɗanya a tabon, ta raka su har bakin amalanke, ta komo ta ɗora ruwa a wuta. Akwai wani yaro da jaki ya tauna wa yatsu yana jiranta.