Ranar da na karanta wa Gwaggo Ƙaltume mutuwarta

Shekara ashirin da shida Gwaggo Ƙaltume, yayar babana, tana yanka atamfa a kasuwar Sankaryaaré. Ba ta awo da igiya, ido kawai, kuma almakashinta bai taɓa cin yatsa ɗaya na mai saye ba. Bara ciwon daji ya kama mata nono. Aka fara yi mata ƙarin ruwan magani duk bayan sati uku, gashi ya zube, amma ba ta rufe rumfa ba.

Ni Ishaq, lakwal, wato makarantar boko, ta kore ni tun ina sankiyam, aji biyu na sakandare, amma a gidanmu na Zongo ni ne farfesa. Ranar Laraba ta dawo da takardar gwaji, ta miƙo mini.

"Karanta, ɗan nan. Likitan da sauri yake magana."

Na gyara murya. Kalmomin Faransancin duk dogaye ne, sai na cafke guda biyu da na sani, "mort" da "programmée".

"Gwaggo, sun ce an tsara mutuwa. Da program ɗinta ma, kamar wasan ƙwallo."

Na yi dariya ni kaɗai. Ta karɓi takardar ta ninke, ta tura ƙarƙashin tabarma. Ta shiga ɗaki ta fito da farin yadi, ta shimfiɗa a tabarma, ta auna da ido, ta yanka.

"Gobe ba zan je ƙarin ruwa ba. Wanda aka sa wa rana, me zai yi da allura?"

Randebunta, lokacin da asibiti ya ba ta, ƙarfe takwas na safe ne, kuma likita ya ce kada ta kuskura ta tsallake ko ɗaya. Na roƙe ta, na ce wasa nake. Ko kallona ba ta yi ba. Na zare takardar daga ƙarƙashin tabarma, na hau moto, babur ɗina, na tafi neman Latifa, 'yar maƙwabcinmu da ke aiki a ɗakin gwajin jini. Ba ta tashi daga aiki ba sai bayan la'asar. Awa biyu ina zagaye a bakin ƙofa.

Da ta karanta ta dube ni. "Kalmar tsakiya fa, cinye ta ka yi? Cellulaire, wato ta ƙwayoyin jiki."

A gida ta zauna kusa da farin yadin.

"Gwaggo, jiki ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da dogon zare a naɗe a cikinta, shi ke gaya mata aikinta. Idan ƙwaya ta lalace, da kanta take fito da almakashi ta yayyanka zaren nan gutsi-gutsi, ta ƙunshe, maƙwabtanta su kwashe. Ƙwayoyin ciwonki sun ƙi yin haka. Maganin ne ya tilasta musu. Mutuwarsu aka rubuta a nan."

"Na warke ke nan?"

"Ban ce ba. Akwai saura, kuma idan kika tsaya za su hayayyafa."

Gwaggo ta daɗe tana shafa bakin yadin. "Daidai suke yankawa, ko karkace?"

"Kusan daidai."

"To, sun fi wasu."

Da safe ta fito da mayafinta, ta hau bayana a moto.

"Ja mu je, farfesa. Daga yau ko takardar kunun gyaɗa ce, Latifa za ta karanta."